Filin Manoma: Zomon Gida Ba Ya Jure Fashin Abinci

A wannan mako maganarmu a kan zomon gida ce, wanda ya yawaita a gidajen ƙasar Gumel, tun daga cikin gari har ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. Galibi ba magidanta ke kiwonsa ba, yara ne 'yan makaranta da matan aure. Wani yaro don sha'awa kurum ya ke ajiye shi, ya gan shi fari fat da jajayen idanu, ya tara 'yan kuɗinsa ya saya. Wata kuwa don ta sami na sabulu da na zanen Salla. Duka daidai ne. Amma cikin yawon aikin da na ke yi, ba maganar da na fi ji kamar a ce mini, "Malam, shekaranjiya lafiyarsa lau, yau da safe muka tarar ya mutu." In aka bi sawun maganar, sau da yawa ba annoba ba ce, ba kuma kambun baka ba ne. Yunwa ce ta yini ɗaya ko biyu, ko ƙishirwa, ko kuwa zomon ya daina cin abinci ba wanda ya kula.

Mafarin kuskuren shi ne, mutane suna auna zomon gida da na daji. Su kan ce, ai ga na daji can cikin sabara da kalgo, ba mai ba shi dusa, ba mai ba shi ruwa, ya kuwa ƙetare bazara lafiya. To, suna ne kaɗai ya gama su. Zomon daji ana haihuwarsa da gashinsa, idanunsa a buɗe. Na gida kuwa tsirara a ke haihuwarsa, idanu a rufe, ba ya buɗe su sai wajen kwana 10. Ba su ma barbarar juna su haihu. Asalin na gida daga ƙasashen Sifen da Fotugal ya ke, irin waɗanda mu ke gani a kasuwanninmu kuwa yawanci gauraye ne na jinsunan Turawa, kamar New Zealand White da Chinchilla da Dutch.

Ba cewa na ke zomon nan rago ne ba. A shekarar 1859 wani Bature, Thomas Austin, ya saki waɗansu 'yan kaɗan, ba su kai 30 ba, a gonarsa a ƙasar Ostireliya. Cikin 'yan shekaru suka cika ƙasa, suka zama bala'i ga manoma da makiyaya. Amma ku lura, waɗannan a sake su ke, dare da rana bakinsu na cikin ciyawa. Naku yana kulle cikin keji. Abin da hannunku ya miƙa masa shi ne makiyayarsa, shi ne rijiyarsa.

Yadda Cikin Zomo Ke Aiki

Ko wace dabba da irin guzurin da Allah ya yi mata. Akuya da tunkiya suna da tumbi, su cika shi da rana, su kwanta su yi ta tuƙa. Raƙumi yana da tozo. Kaza tana da 'yar jaka a wuya inda ta ke tara tsaba. Zomo an halicce shi ne ya riƙa ci kaɗan-kaɗan ba fashi. Masana da suka zauna suka ƙirga sun tarar babban zomo ya kan koma wa abinci wajen sau 30 tsakanin dare da rana, mafi yawa kuwa daga la'asar sakaliya zuwa hantsi.

Abu na fari da za ku riƙe shi ne, zomo ba ya iya amai. Abin da ya shiga cikinsa ba shi da hanya sai gaba. Abin da ke tura shi gaban kuwa, sabon abinci ne mai tauri, mai zare-zare, watau ciyawa da harawa. Kun dai san injin niƙa: in mai inji ya daina zuba hatsi ta sama, garin ma sai ya daina fitowa ta ƙasa. Haka hanjin zomo ya ke. Zaren ciyawar nan da mu ke gani kamar ba shi da amfani, shi ke sa hanji motsi.

Abu na biyu, a daidai inda ƙaramin hanji ya gamu da babba, zomo yana da wata babbar jaka, wadda ta ke ɗaukar wajen kashi 40 cikin 100 na abin da ke cikinsa duka. A nan a ke samun ƙananan ƙwayoyi masu rai, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita, irin waɗanda ke cikin tumbin saniya. Su ke dafa masa ciyawa. Saboda aikinsu ne zomo ya ke yin kashi iri biyu. Akwai busasshe, ƙwaya-ƙwaya, wanda ku ke sharewa ku kai gona, lafiyayyen zomo ya kan yi 200 ko fi a yini. Akwai kuma wani mai laushi, mai sheƙi, curi guda manne da juna, wanda da wuya ku gan shi, don da ya fito zomo ya ke sunkuyawa ya haɗiye shi, yawanci da asuba ko da hantsi. Yara su kan ga haka su ce ƙazanta, har su buge shi. Ku hana su. Wannan ita ce tuƙarsa, daga nan ya ke samun wani rabo na abinci mai gina jiki da bitamin.

To, yanzu mu duba abin da ke faruwa in an bar shi ba ci. Cikin 'yan sa'o'i hanji ya fara sanyi. Abin da ya rage a ciki ya tsaya wuri ɗaya, jiki ya tsotse ruwansa, ya bushe ya cure da gashin da zomo ke haɗiya wajen lasar jiki. Ƙwayoyin nan masu amfani su rasa abinci su ragu, miyagu su sami fili su hayayyafa, su cika hanji da iska. Iskar nan ta kawo ciwo mai tsanani. Zomo kuwa in yana jin ciwo ba ya ci. Kun ga an shiga da'ira ke nan: yunwa ta jawo ciwo, ciwo ya hana ci, rashin ci ya ƙara ciwo. Shi ya sa mai zomo ya kan komo daga tafiya ran kwana biyu, ya zuba masa ganye mai kyau, zomon ya sunsuna ya kau da kai. Sai a ce ai ya ƙoshi, ko a ce fushi ya yi. Ba fushi ba ne, ciki ne ya riga ya tsaya.

Bayan wannan akwai sha'anin hanta. Sa'ad da jiki ya rasa abinci, sai ya narka kitsen da ya ajiye ya tura wa hanta ta sarrafa. Hantar zomo ba ta iya ɗaukar wannan kaya gaba ɗaya. Kitse ya cika ta, ta kasa aiki, cikin kwana biyu ko uku abin ya kan kai inda ba gyara. Abin mamaki a nan, zomo mai ƙiba ya fi ramamme saurin faɗuwa. Wanda a ke taƙama da shi, a ke nuna wa baƙi, shi ke fara tafiya. Don haka likitocin dabbobi suka sa iyaka: zomon da ya yi sa'a 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, a ɗauke shi majinyaci na gaggawa. Sa'a 12 fa, watau daga sallar Asuba zuwa Magariba.

Sauran maganar haƙori. Zomo yana da haƙora 28, dukansu kuwa ba su daina tsiro har ya mutu. Na gaba su kan ƙaru da wajen milimita 2 ko wane mako, a shekara ya kai santimita 10. Taunar ciyawa mai tauri ita ke goge su. Zomon da a ke ciyarwa da jiƙaƙƙiyar dusa da sauran tuwo kaɗai, haƙoransa su kan zarce, na gaba su lanƙwashe, na ciki su yi kaifi su yanka harshe da kumatu. Sai ka gan shi ya zo gaban abinci da marmari, ya ɗauka ya yar, haɓarsa jiƙe da dalala. Wannan yunwa ce ke kashe shi ga abinci a gabansa. Kada ku sa filaya ko abin yankan farce ku datse haƙorin, ya kan tsage har cikin dasashi ya yi ƙurji. Aikin likita ne.

Ta Inda Yunwa Ke Shigowa

Ba na tsammanin akwai wanda ke sayen zomo da nufin ya bar shi da yunwa. Ta 'yan ƙananan kafofi abin ke shigowa. Ran Alhamis gida ya watse, kowa ya tafi kasuwar Maigatari tun da sassafe, ba a komo ba sai bayan Isha. Ko an tafi biki wani gari a kwana biyu. Ko yaron da ke da zomon an mai da shi makarantar kwana, ya bar wa ƙanensa amana, ƙanen ya yi kwana uku yana yi ya gaji. Akuya in ta ji yunwa ta cika gida da kuka har a tashi a ba ta. Kaza ta bi ka har cikin ɗaki. Zomo ba ya kuka. Ga shi kuma dabba ce da a ke farauta, halinsa ne ya ɓoye ciwo kada maƙiyi ya gane. Yana nan zaune shiru a lungu, mai wucewa ya ce lafiya lau ya ke.

A nan ina da magana da iyaye. Ku ne kuka yarda aka shigo da dabbar nan gida, alhakinta a wuyanku ya ke, ba a wuyan yaro ɗan shekara 9 ba. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin matar nan da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuwa sake ta ta nema da kanta ba. Keji ma kulle ne. Yaro ya yi aikin, wannan tarbiyya ce mai kyau, amma babba ya leƙa safe da yamma. Da azumi kuma a kula ƙwarai, don lokacin ne tsarin gida ke canzawa, a kan manta da abincin safe. Abin da sauƙi: a zuba masa bayan sahur, a kuma zuba bayan La'asar. Wannan ma ya fi dacewa da lokacin cinsa.

Wata kafar ita ce ranar saye. A kan ɗauko zomo tun da safe, ya yini a kasuwa cikin rana ba ci ba sha, mai saye ya jefa shi cikin buhu ya ɗaura bayan babur. Ya iso gida a firgice, a sa masa abincin da bai taɓa gani ba. Kafin ya saki jiki ya fara ci, sa'a 24 ta wuce. Sa'an nan a ce mai sayarwa ya cuce mu, ya ba mu marar lafiya. In za ku saya, ku je da kwali mai huji, ku shimfiɗa harawa a ciki, ku sa ɗan ɓawon kankana don ya sami ruwa a hanya. Ku tambayi mai shi abin da ya saba ba shi, ku karɓi ɗan kaɗan ku taho da shi. Ko wane sabon abinci, a shigo da shi sannu-sannu cikin kwana 7 zuwa 10, don ƙwayoyin cikin nan su saba.

Sai bazara. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a nan ya kan wuce 40. Zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwansa ya ke fitar da zafi, kuma da zarar zafi ya wuce 30 sai cinsa ya fara raguwa. Keji mai rufin kwano a tsakar gida tanderu ne sosai. Ku mai da shi gindin darbejiya ko ƙarƙashin rumfa, ku ɗora zana ko karan dawa bisa kwanon, ku rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta wajen da iska ke shigowa. Babban abinci a ba shi da yamma.

Har wa yau akwai masu cewa zomo ba ya shan ruwa, wai in ya sha sai ya mutu. Wannan magana ta hallaka zomaye da yawa. Da damina, da ya ke ciyawa ɗanya ce, ba ya sha da yawa, daga nan zancen ya samo asali. Amma da rani, in abincinsa harawa ce da dusa, zomo mai nauyin kilo 2 ya kan sha wajen rubu'in lita a yini, watau rabin ledar ruwan nan da a ke sayarwa. Wanda ya rasa ruwa kuwa, da kansa ya ke daina ci. A zuba masa a kasko mai nauyi wanda ba ya iya kifarwa, ko a ɗaure gwangwani jikin keji da waya. Kasko ya fi, don ruwansa ya fi sanyi.

Akwai kuma wata yunwa da ba a gane ta, ta mai cikakken ciki. Dusa zalla, ko tsaki, ko sauran tuwo da burodi, suna cika ciki amma ba su motsa hanji. In sun yi yawa ma su kan ruɓe cikin jakar nan su kawo zawo, wanda ke kashe 'yan yaye cikin dare ɗaya. Dusa mahaɗi ce, ba ita ce tuwon ba.

Tanadin Rani

Daminarmu wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekara ma ba ta kai ba. A cikinta ba mai kukan abincin zomo: ga ƙyasuwa, ga harƙiya, ga gadagi, ga ganyen wake da na dankali. Sauran wata takwas ɗin su ne abin tunani, yanzu kuwa shi ne lokacin tunanin, tun harawa tana gona, tun ba ta hau bisa itace ta yi tsada ba. Mun sani riɗi da soborodo suna kawo kuɗi, ƙasarmu ta yi suna a kansu, amma ba su barin harawa. Wanda ya ba su gonarsa duka, tilas ya nemi ta wake da ta gyaɗa wurin maƙwabci. Ga masu kiwon ragunan layya kuma suna nemanta, ku riga su.

Bari mu yi lissafi. Babban zomo guda yana cin wajen giram 100 na busasshiyar harawa a yini. Wata takwas kwana 240 ne, ya zama kilo 24. In an ƙara abin da ya ke tattakewa ya ɓata, a ce kilo 30. Mai namiji ɗaya da mata biyu, kilo 90 ke nan tun ba a sa 'ya'ya cikin lissafi ba. Wanda ba shi da sikeli, ga ma'auni mai sauƙi: kullum a ba zomo tulin harawa kamar girman jikinsa. Ta gyaɗa ta fi daɗi gare shi, ta wake ma ba laifi. A shanya ta a inuwa in da hali, don ganyen ya tsaya kore kada ya kakkaɓe, a ɗora bisa rumfa inda gara da akuya ba su kai wa. Wajen ba shi kuwa, a ɗaure ta a rataye jikin keji. In an zuba a ƙasa ya yi fitsari a kai, ba zai ƙara taɓa ta ba, ku kuwa kuna ganin keji cike da abinci.

Bayan harawa, a tara kowar wake, ita ma abinci ce. Dusar gero ko ta alkama, rabin gwangwanin madara zuwa gwangwani guda a yini ya isa babban zomo, a barbaɗa ɗan garin ƙuli-ƙuli marar yaji da ɗan gishiri kaɗan. Mai zogale a bayan gida ya huta, ɗanye da busasshe duka zomo yana so. Gawo kuma, da ya ke shi da rani ya ke ganye ya zub da 'ya'ya, ana iya daka 'ya'yan a gauraya kaɗan cikin dusa. Wurin masu kayan miya ana samun ganyen kabeji da na karas da latas da ɓawon kankana a banza ko da araha, sai dai a wanke, a ba shi kaɗan-kaɗan.

Yunwa ta kan sa zomo ya ci abin da in yana ƙoshe ba zai kalla ba. Da rani yaro ya fita neman ganye, abin da ya tarar kore shi ya ke tsinkowa, koren rani kuwa galibi mai dafi ne, shi ya sa dabbobi suka bar shi. Ku nuna wa yara tumfafiya da zurma da zaƙami da duman rafi, ku ce kada su kusanci keji. Haka gyauron dawa, da ɗanyen ɓawon rogo, da ganyen tumatir. Gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko dusa da suka yi fumfuna, a zubar, dafin fumfunar gyaɗa yana lalata hantar zomo ƙwarai. Yanzu kuma da maganin feshi ya yi yawa a gonaki, kada a yanko ciyawa a gefen gonar da ba ku san ranar da aka fesa ta ba. Ɗanyar ciyawa in an yanko, kada a bar ta cunkushe cikin buhu ta yi zafi, a baza ta a inuwa ta ɗan yi yaushi tukuna.

Zomanya mai ciki da mai shayarwa, nasu haɗarin ya ninka. Cikin zomanya kwana 31 ne, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan wuce. A makon ƙarshe, in ta yi fashin abinci, musamman mai ƙiba, ciwon hantar nan ya kan kama ta farat ɗaya, ta yi ɓari ko ta mutu da 'ya'yan a ciki. In ta haihu, tana iya shan lita guda ta ruwa a yini, kuma ƙishirwa tana cikin dalilan da ke sa uwa ta cinye 'ya'yanta. Ita dai a bar mata abinci da ruwa a gabanta dare da rana, ba awo. Kada kuma ku damu don ba ku gan ta tana ba da nono ba. Sau ɗaya ta ke shayarwa a yini, minti uku zuwa biyar, yawanci cikin dare, nononta kuwa ya fi na saniya maiƙo wajen ninki uku. Da safe ku duba 'ya'yan: in cikinsu ya yi tulu-tulu, jikinsu da ɗumi, sun sha. In fatar ta yanƙwane suna ta watsal-watsal, uwar ce ba ta ƙoshi ba, ko nonon ya yi ciwo.

In Ya Daina Ci

Wanda ke son ya san lafiyar zomonsa, ya dubi ƙarƙashin keji kafin ya dubi zomon. Don haka ya kamata a share wurin kullum, yadda za a san na yau da na jiya. In kashi ya ragu, ko ƙwayoyin sun ƙanƙance sun yi baƙi, ko sun fito a jere kamar carbi, gashi ya sarƙe su, hanji ya fara sanyi ke nan. In babu ko ɗaya, abin ya yi nisa. Sa'an nan ku dubi zomon: ya takure a lungu, ya yi doro, idanu a lumshe, yana niƙa haƙora da ƙara, kunnuwa sun yi sanyi. Ku gwada shi da abin da ya fi so, kamar ganyen zogale ko na dankali. In ya ƙi, kada ku ce a bari sai gobe.

Da fari ku taɓa cikinsa a hankali. In ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada ku ɗura masa kome, mai yiwuwa wani abu ne ya toshe hanji, ɗura kuwa ƙara masa azaba ce. Wannan sai asibitin dabbobi nan take. In cikin da laushi, ga abin da za ku yi kafin ku kai ga likita. In jikinsa ya yi sanyi, a naɗe shi da tsumma, a sa kwalbar ruwan ɗumi kusa da shi. A sami sirinji a cire allurar. Zomo yana da giɓi a gefen baki, bayan haƙoran gaba, ta nan a ke sa bakin sirinji. A ba shi ruwa mai ɗumi, ko ruwan gishiri da sukari irin na yara, ɗigo-ɗigo, a jira ya haɗiye. Yana zaune bisa ƙafafunsa za a yi, kada a kwantar da shi rigingine, ya shaƙe. Bayan ruwa, a daka ganyen harawa ko busasshen zogale, a tankaɗe, a dama da ruwa kamar kunu mai kauri, a ba shi wajen mililita 20, watau cokalin shayi huɗu, in nauyinsa ya kai kilo 2, a maimaita bayan ko wace sa'a huɗu zuwa shida. A riƙa shafa cikin a hankali, a kuma sake shi cikin ɗaki ya ɗan taka, don tafiya tana tada hanji. Ba madara, ba man gyaɗa, ba kanwa.

Wanda ya yini da yunwa amma yana son ci, shi ma kada tausayi ya sa a cika masa kwano da dusa ko tsaki. Ruwa da harawa tukuna, sai ganye kaɗan, dusa sai gobe in an ga kashi ya komo daidai.

Ina jan kunnenku ƙwarai a kan kafso. Al'adarmu ce in kaza ko akuya ta yi laushi a sayo kafso a kanti a farke a zuba mata a ruwa. Ga zomo wannan guba ce. Magunguna irin su Ampiclox da amoxicillin da penicillin da lincomycin, in ya sha su ta baki, su kan kashe ƙwayoyin nan masu amfani na cikin jakarsa, miyagu su mamaye, zawo ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Akwai magungunan da suka dace da shi, na kashe ciwo da na motsa hanji, amma likita ne zai zaɓa ya auna gwargwadon nauyinsa. Shi ne kuma zai duba abin da ya hana shi ci tun farko, ko haƙori ne, ko ƙurji, ko ciwon kunne, ko cutar hanji irin ta 'yan yaye, don ƙin abinci alama ce, tushen yana wani wuri.

Sai dai kada a ɗora wa yunwa kome da kome. In zomaye da yawa suka mutu a jere cikin kwana ɗaya ko biyu, suna cikin ƙoshi, wani har da jini a hanci, wannan wata annoba ce dabam, mai zub da jini a cikin jiki, wadda aka tabbatar da shigowarta Nijeriya a shekarar 2020 a jihohin Kwara da Oyo. Wanda ya ga haka ya binne gawar da zurfi, kada ya sayar da sauran, kada ya ba da aron namiji, ya kai labari ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarsa ko wurin malamin gona na JARDA. Saboda irin wannan ne ya kamata ko wane sabon zomo a ware shi mako biyu kafin a gama shi da na gida.

In tafiya ta kama ku ta yini ɗaya, kamar ta kasuwa, ku rataya harawa ninki biyu, ku sa ruwa a mazubi biyu, ko ɗaya ya kife akwai ɗaya. In zomaye sun fi biyu a keji, mazubin dusa ma ya zama biyu, don mai ƙarfi ya kan tare guda ya hana na baya. In kuwa za a kwana, ba wata dabara sai a sami mutum, babba, a kai shi gaban keji a nuna masa inda harawa ta ke, a gaya masa ya leƙa safe da yamma, ya dubi ruwa, ya dubi ƙarƙashin keji.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan yadda a ke gina kejin zomo da kayan da ke samuwa a ƙauye, wanda ɓera da kwarkwasa ba su shiga.